Shin da kuɗin caca Birtaniya ta gina wasanninta da al'adunta?

Tambaya: Na ji wani mai sharhin wasanni yana cewa wai lambobin zinaren da Birtaniya ke kwasa a gasar Olamfik da kuɗin caca ta same su, haka ma gidajen tarihinsu da fina-finansu. Gaskiya ne? Ina hannun gwamnati a ciki, kuma BBC ma da kuɗin ake tafiyar da ita? In haka ne, mu me ya hana mu yin irinsa?

Amsa: Malam, mai sharhin nan bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga da kai cikin gidan ba. Bari in fara da abin da mutane da yawa suka manta. A gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, Najeriya ta fi Birtaniya zinare. Mu biyu muka ci: Chioma Ajunwa a dogon tsalle, sai 'yan ƙwallon su Kanu da suka fitar da Brazil suka kuma doke Ajantina a wasan ƙarshe. Birtaniya ɗaya tal ta samu, a tseren kwale-kwale, ta hannun Steve Redgrave da Matthew Pinsent, ta ƙare a matsayi na 36, muna sama da ita a jadawali. Shekara 20 bayan haka, a Rio, Birtaniya ta zo ta biyu a duniya da zinare 27 da lambobi 67 gaba ɗaya, ta sha gaban Sin. Mu tagulla ɗaya muka dawo da ita. Wani abu ya faru a tsakanin shekarun nan, kuma caca na ciki, amma ba ita kaɗai ba ce, ban ma ɗauke ta a matsayin babbar ba.

Asalin abin daga John Major ne, firaministan jam'iyyar Conservative, mutumin da ya tashi a gidan da ba su da hali kuma yake matuƙar son wasan kurket. Ya taɓa riƙe ma'aikatar kuɗi, don haka ya san halin baitulmali daga ciki: duk ranar da aka zauna rabon kasafi, asibiti da makaranta da tsaro su ne za su ci, wasanni da zane-zane da tsoffin gine-gine sai abin da ya rage a gindin tukunya. Babu ministan da zai tsaya gaban majalisa ya ce a rage gadon asibiti a gyara gidan wasan kwaikwayo. Sai ya nemo wata hanyar kuɗi da ba ta bi ta cikin kasafi ba. A 1992 ya kafa ma'aikatar kula da kayan gado na ƙasa, wadda 'yan jarida suka yi wa laƙabi da ma'aikatar shagali. A 1993 majalisa ta yi dokar cacar ƙasa, aka kuma yi fitar lambobi ta farko ranar 19 ga Nuwamba, 1994. Gwamnatin Tony Blair ce ta sauya wa ma'aikatar suna a 1997 zuwa ma'aikatar al'adu, yaɗa labarai da wasanni, wadda aka fi sani da DCMS.

Gwamnati ba ta sayar da tikiti ko ɗaya da kanta. Lasisi take bai wa kamfani guda na wasu shekaru, hukumar sa ido kan caca tana bin diddiginsa. Kamfanin Camelot ne ya riƙe lasisin tun daga 1994 har ƙarshen Janairun 2024, sannan Allwyn, na wani attajirin ƙasar Czech mai suna Karel Komárek, ya karɓa na shekara 10. Richard Branson ya nema har sau biyu da alkawarin ba zai ci riba ba, bai samu ba. A tsarin farko, cikin kowane fam ɗaya da mutum ya biya, wajen kwabo 50 na komawa ga waɗanda suka ci, 12 haraji ne na gwamnati, wajen 5 ladan mai shagon da ya sayar, wajen 5 kuɗin gudanarwa da ribar kamfani, sai kwabo 28 da ake zubawa a asusun ayyukan alheri. Wannan kwabo 28 shi ne duk abin da muke magana a kai. Ya zuwa cikar tsarin shekara 30 a 2024 ya tara wajen fam biliyan 50, kuma a 'yan shekarun nan abin da ke shiga ya kai kimanin fam miliyan 30 a kowane mako.

Yadda ake raba shi yanzu: kashi 40 cikin 100 ga ayyukan al'umma, wato ƙungiyoyin agaji da lafiya da ilimi da muhalli, sai wasanni 20, fasahohi irin su zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da fim 20, kayan tarihi 20. Hukumomi 12 ne ke rabon, irin su UK Sport mai kula da manyan 'yan wasan ƙasar, da Sport England, da majalisar fasahohi ta Arts Council England, da asusun kayan tarihi da cibiyar fina-finai ta BFI, da takwarorinsu na Scotland da Wales da Ireland ta Arewa.

A nan ne gizo ke saƙa, kuma a nan nake so ka ɗan daɗe tare da ni. Ƙa'idoji biyu aka gina tsarin a kansu. Ta farko ita ce gwamnati ta ba da, ta ja gefe. Minista yana naɗa shugabannin hukumomin nan, yana ba su manufa a dunƙule, misali a ce a ƙara kula da yankunan da aka bari a baya, amma ba shi da ikon ɗaga waya ya ce a bai wa ƙungiyar garinsu kaza. Wannan al'ada ta girmi cacar, tun 1946 da aka kafa majalisar fasahohi ta Birtaniya bisa ƙoƙarin masanin tattalin arziki John Maynard Keynes. Mutanen da suka ga yadda Hitler da Stalin suka mayar da mawaƙa da masu zane 'yan amshin shata ba su so ɗan siyasa ya riƙa zaɓar wanda za a ciyar. Ƙa'ida ta biyu ita ce kuɗin caca ƙari ne, ba madadi ba. Abin da yake wajibin gwamnati ta yi da haraji, ba za ta janye hannu ta ce caca ta biya ba. Major ya nace a kan wannan domin ya san baitulmali: da zarar ta ga wani famfo yana zuba, sai ta rufe nata.

To ga yadda abin ya yi aiki a wasanni. Da farko kuɗin na gine-gine ne kawai, filaye da wuraren ninƙaya da makamantansu. Kunyar Atlanta ce ta sa aka sauya, daga 1997 aka fara biyan 'yan wasa kai tsaye. Kafin nan ɗan tsere sai ya yi aikin ofis ko na shago da rana, ya yi atisaye da magariba. Yanzu wanda yake sahun gaba yana samun tallafin da ya daɗe yana kaiwa fam 28,000 a shekara don ci da sha da haya, ban da abin da ake kashewa ta hannun hukumar wasansa a kan koci da likita da mai gashin ƙashi da masanin abinci da tafiye-tafiye. Sakamakon bai ɓata lokaci ba: zinare 11 a Sydney a 2000, 19 a Beijing a 2008, 29 a Landan a 2012. 'Yan tseren keke kaɗai sun ci zinare 8 a Beijing, suka maimaita 8 a Landan. Mo Farah, ɗan asalin Somaliya da ya ci zinare 4 a gasa biyu, yana cikin waɗanda suka bi ta wannan tsari.

Amma lura da abu biyu da mai sharhin bai faɗa maka ba. Na ɗaya, kuɗin UK Sport gauraye ne, akwai na caca akwai na baitulmali. Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci a wurina, ana yanke kuɗin ne na shekara 4 a lokaci guda. Watanni kaɗan bayan an rufe wata gasar, kowace hukumar wasa ta san abin da za ta samu har zuwa gasa ta gaba. Koci yana sa hannu a kwantiragi da natsuwa. Yarinyar da aka gano tana da shekara 15 ana iya zana mata hanyar shekara 8. Kowace hukuma tana rattaba hannu a kan yawan lambobin da take sa ran ci, ana buga adadin kuɗin da alkawarin a fili, duk shekara a zauna a duba. Don shirin Rio an kashe wajen fam miliyan 274 a kan wasannin Olamfik, ka ga kowace lamba ta tashi kusan fam miliyan 4. Kuɗi ne mai yawa, amma ga ƙasa irin Birtaniya bai kai na 'yan kilomitocin babbar hanya ba. Tabbacin zuwansa a kan lokaci shi ne ya yi aikin, fiye da yawansa.

Tsarin yana da rashin tausayi, wannan ba ɓoyayye ba ne, su da kansu sun kira shi tsarin ba sani ba sabo. Wasan da ba a hango masa lamba ba, a datse. A 2014 aka janye wa ƙwallon kwando tallafin manyan 'yan wasa gaba ɗaya, alhali yana cikin wasannin da yaran unguwannin talakawa da baƙaƙen fata suka fi bugawa a biranen ƙasar. Badminton ta ci tagulla a Rio, duk da haka aka yanke mata kuɗi a ƙarshen 2016. A gefe guda tseren kwale-kwale da tuƙin jirgin ruwa mai filafilai da hawan doki suna kwasar miliyoyi, domin ƙasashen da ke takara a cikinsu kaɗan ne kuma kayan aiki na da tsada, wanda ya fi kuɗi ya fi dama. Shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka ci wa Birtaniya lamba a Rio 'yan makarantun kuɗi ne, a ƙasar da wajen kashi 7 cikin 100 na yara ne kawai ke zuwa irin waɗannan makarantu. Sannan matsin lambar a ci ko ta halin ƙaƙa ya haifi nasa ciwon. An yi bincike a hukumar tseren keke a 2017, an kuma fitar da rahoto mai tayar da hankali a 2022 kan yadda aka riƙa cutar da yara a wasan alkafura. Daga baya UK Sport ta sassauta, ta fara bai wa ƙananan wasanni wani abu.

Ɓangaren al'adu ya fi ban sha'awa ta wata fuskar, domin a nan aka fi rigima. Cikin manyan kyautukan farko a 1995 akwai fiye da fam miliyan 12 da aka biya iyalan Winston Churchill don sayen takardunsa, da wajen fam miliyan 78 don gyaran gidan opera na Covent Garden a Landan, wurin da tikitin kujera mai kyau ya fi ƙarfin mai sayen tikitin caca. Jaridu suka yi ca. Mutane suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: direban bas a Sunderland yana zuba fam ɗinsa duk Asabar, masu kwat da wando a Landan suna shan kiɗa. Zargin yana da tushe, kuma ya tilasta sauyi. Yanzu mafi yawan kyautukan ƙanana ne, na fam dubu kaɗan, ga ƙungiyar unguwa ko filin ƙwallon yara ko gyaran lambun shaƙatawa. Daga wannan asusu aka tallafa wa gidan zane na Tate Modern da aka buɗe a 2000 a tsohuwar tashar lantarki, da lambun Eden a Cornwall, da babban filin wasa na Cardiff, da sabon Wembley da ya samu fam miliyan 120. Shiga manyan gidajen tarihi na ƙasa kyauta kuwa, wanda aka dawo da shi a 2001, wannan manufar gwamnati ce da kuɗin haraji, kada a jingina wa caca.

Akwai asara ma. An gina cibiyar kiɗan zamani a Sheffield da wajen fam miliyan 11 na caca, aka buɗe a 1999, ba ta kai shekara biyu ba ta rufe don babu masu zuwa. Babbar asarar ita ce Millennium Dome, ƙatuwar rumfar da aka kafa a Greenwich don bikin shiga shekarar 2000. Ta haɗiye fiye da fam miliyan 600 na caca, an yi hasashen baƙi miliyan 12, wajen rabin haka suka zo. Abin lura shi ne hukumar da ta ba da wannan kuɗi minista ne ke shugabantarta, kuma aikin ya zama abin alfaharin gwamnati da ba a iya ja da baya a kansa. Wato wurin da ɗan siyasa ya fi kusa da asusun, nan aka fi yin ɓarna. Ban ɗauki wannan a matsayin katari ba.

Ita ma ƙa'idar ƙari ba ta tsira ba. A 1998 gwamnatin Blair ta ƙirƙiro sabon asusu daga kuɗin caca don lafiya da ilimi da muhalli, abubuwan da kowa ya san aikin haraji ne, Major kuwa ya yi ta ƙorafi a kai. Da Landan ta samu baƙuncin Olamfik ta 2012, sai aka ɗebi kusan fam biliyan 2.2 daga caca cikin kasafin fam biliyan 9.3, har da fam miliyan 425 da aka karkato daga asusun ƙungiyoyin al'umma a 2007. Bayan 2010 kuma, lokacin tsuke bakin aljihu, aka zaftare wa Arts Council England kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin da take samu daga baitulmali, ƙananan hukumomi suka rufe ɗaruruwan ɗakunan karatu, wuraren ninƙaya suka lalace. Kuɗin caca ya koma toshe ramukan da aka yi alkawarin ba zai toshe ba. Ƙasar tana tara zinare a talabijin, amma alkawarin da aka yi cewa gasar Landan za ta sa jama'a su tashi su riƙa motsa jiki bai cika yadda aka zuzuta ba.

Tambayarka ta BBC: a'a, ko kwabo na caca ba ya tafiyar da ita. Abin da ya haɗa su shi ne ma'aikata ɗaya ce ke kula da manufofinsu. Fim kam yana cin kuɗin caca, ta hannun BFI. BBC tana rayuwa ne da kuɗin lasisin talabijin da kowane gida mai kallo ke biya, wanda aka mayar fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025, kuma yarjejeniyar sarauta da ta kafa ta ana sabunta ta lokaci zuwa lokaci, ta yanzu za ta ƙare a ƙarshen 2027. Hikimar iri ɗaya ce da ta caca, kuɗi na musamman da ba ya bi ta kasafin shekara, don kada minista ya riƙe wuyan 'yan jarida. Raunin ma iri ɗaya ne, domin gwamnati ce ke yanke adadin lasisin. A 2022 ta daskarar da shi a fam 159 na shekara biyu ana tsakiyar hauhawar farashi. Wannan ya shafe mu kai tsaye: sashen Hausa, wanda ya fara watsa shiri a 1957, yana ƙarƙashin sashen BBC na ƙasashen waje, wanda ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ke biya har zuwa 2014, sannan aka ɗora nauyin a kan kuɗin lasisi. Daga baya gwamnati ta sake sa hannu da wani tallafi, wanda da shi aka buɗe sassan Pidgin da Yarbanci da Igbo a 2017 da 2018. Da aljihu ya sake tsukewa, rediyon sashen Larabci ya yi shiru a Janairun 2023 bayan shekara 85.

Yanzu wa ke biya? Wannan ita ce tambayar da masu yabon tsarin ba su son a daɗe a kanta. Mai ƙaramin ƙarfi yana kashe kaso mafi girma na abin da yake samu a kan tikiti fiye da mai hali, don haka masana tattalin arziki da dama suna kallon cacar ƙasa a matsayin haraji ne da ya fi danne na ƙasa, illa dai ba a tilasta shi. Damar cin babbar kyauta ɗaya ce cikin kusan miliyan 14 a farko. A 2013 aka ninka tikiti zuwa fam 2, a 2015 aka ƙara ƙwallayen daga 49 zuwa 59, damar ta koma ɗaya cikin wajen miliyan 45. Sannan kasuwa ta karkata zuwa katin kankarewa da wasannin waya na ci-nan-take, waɗanda suka fi kama mutum kamar ƙwaya kuma abin da suke bai wa asusun alheri bai kai rabin na tikitin asali ba. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya nuna a 2017 cewa cikin shekara 7 ribar Camelot ta ƙaru da kashi 122 cikin 100, kuɗin ayyukan alheri kuwa da kashi 2 kacal. Sai a 2021 aka ɗaga shekarun mai saye daga 16 zuwa 18.

Ga Musulmi maganar ba ta ma kai nan ba. Hukuncin caca a bayyane yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, kuma ayar Baƙara ta 219 ta riga ta amsa hujjar masu cewa ai tana da amfani: akwai amfanin, zunubin ya fi shi girma. Abin da Musulmin Birtaniya ke muhawara a kai shi ne karɓar tallafin, ba sayen tikiti ba. Masallatai da ƙungiyoyi da yawa ba sa nema sam, wasu kuma suna karɓa don ayyukan matasa ko gyaran gini. Akwai coci-coci ma da suka ƙi tun farko. Fatawar wannan ta malamai ce, amma ta fuskar manufa sakamakon a fili yake: duk al'ummar da imaninta ya hana ta taɓa kuɗin, ta fita daga rabon wani babban kaso na abin da ƙasar ke kashewa a kan al'umma.

Sai ɓangaren ƙarshe na tambayarka. Ai mun yi irinsa, a takarda. Dokar cacar ƙasa ta 2005, zamanin Obasanjo, ta kafa hukumar sa ido da asusun amana na ayyukan alheri, ta ce mai lasisi ya zuba kashi 20 cikin 100 a shekaru 5 na farko, ya ƙaru daga baya. Kamannin da na Birtaniya a bayyane suke. Asusun ya raba kayan wasanni a makarantu da kayan asibiti, amma kai da kanka ka san ba a taɓa jin wani ɗan tsere ya ce da shi yake cin abinci ba. Jihar Legas ta kai ƙara tun 2008 tana cewa caca ba hurumin tarayya ba ce, kuma a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya: dokar ba ta aiki sai a Abuja, kowace jiha ita ke da iko da nata. A jihohin da ke bin shari'a kuwa, inda Hisbah ke rufe shagunan cacar ƙwallo kamar yadda aka gani a Kano, batun a gina wasanni da wannan kuɗi bai ma taso ba, kuma ni ban ga asara a nan ba.

Dalilina shi ne abin da ya yi wa Birtaniya aiki ana iya raba shi da caca. Asusu ne da doka ta killace, mai hanyar shigar kuɗi tabbatacciya, wanda gwamna ko minista ba ya iya zaɓar wanda zai ci, ana yanke shi na shekaru ba na wata-wata ba, ana buga sunan duk wanda ya karɓa da adadin. Muna da misalin rabin wannan a gida: TETFund, asusun manyan makarantu da ke samun kuɗinsa daga harajin da ake ɗora wa ribar kamfanoni. Duk ƙorafin da ake yi a kansa, shiga kowace jami'ar gwamnati ka ƙirga gine-ginen da ke ɗauke da sunansa. Muna kuma da waƙafi, wanda ya rayar da makarantu da ɗakunan karatu da asibitoci a duniyar Musulmi ɗaruruwan shekaru, kuma asalinsa ke nan: dukiya da aka tsare, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta na tafiya inda aka ayyana. Jihar da ta so za ta iya killace wani ɗan kaso na harajin otal ko na tallace-tallace, ta haɗa da waƙafin attajirai, don ganuwar Kano da ake ta cinyewa, ko Gidan Makama, ko dambe da kokawa da langa da suke da 'yan kallo amma ba su da mai biyan kuɗin magani in ɗan wasa ya karye. Hawan sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, bikin kamun kifi na Argungu tun 2016, shigar suna a jeri kuwa ba ta zuwa da kasafi.

Sai dai a nemi yardar mutanen wurin tukuna. Ka tuna alƙaryar fim ta naira biliyan 3 da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa ta jihar Kano a 2016. Kuɗin ba na caca ba ne, amma an sanar da aikin ba tare da an zauna da malamai da jama'a ba, aka yi ta suka a mumbari da rediyo, cikin ɗan lokaci aka janye.

Kuma akwai abin da babu asusun da zai saya. A Paris a 2024 mun tafi da tawaga babba muka dawo hannu rabbana, kamar yadda aka yi a Landan a 2012. Favour Ofili ta cika sharaɗin shiga tseren mita 100, ta isa can ta tarar ba a sa sunanta ba. A watan Oktoba na shekarar aka rushe ma'aikatar wasanni, aka dawo da hukumar wasanni ta ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. In kana so ka gane ko wannan sauyi na gaske ne, kada ka tsaya a kan yawan biliyoyin da za a sanar. Ka duba ko hukumar guje-guje da ta kokawa sun san yau abin da za su samu har zuwa gasar Los Angeles ta 2028, ko kuwa sai saura mako uku a tashi za a ji ana jiran sa hannu.